Ƙwaron Ingila da ya koma baƙi: shi ya canja kansa ko tsuntsu ne ya tace shi?

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Don Allah malamai ina neman taimako. Jibi Laraba zan yi wa 'yan SS3 darasin yadda halittu ke sajewa da wurin zamansu, kuma misalin da ke cikin littafi shi ne na ƙwaron nan na Ingila mai ɗigo-ɗigo, wanda aka ce da fari ne sai ya koma baƙi lokacin da hayaƙin masana'antu ya ɓata itatuwa. Matsalata duk shekara in na gama bayani na ba da tambaya sai yawancinsu su rubuto min wai ƙwaron ya ga itace ya yi baƙi shi ne ya canja launi kamar hawainiya don ya ɓuya. Na san ba haka ba ne amma wallahi na rasa yadda zan faɗa da Hausa ya zauna musu a kai.

Alhaji Manu Aliero: Wa alaikumus salam Malama. Wane ƙwaro na wanga kuma?

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Faɗa-wuta Alhaji, irin malam-buɗe-littafin dare ɗin nan da ke zagaya fitila. Amma shi wannan na ƙasar Turawa ne, a littafi sunansa Biston betularia.

Alhaji Manu Aliero: To ai ni ma da ni ad ɗalibin hakanan zan rubuta. In ba shi yac canza ba wa yac canza shi?

Malam Nasiru Argungu: Wa alaikumus salam. Malama kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, shekara da shekaru na yi ina fama da wannan darasin kafin in aje alli. Alhaji tambayarka ita ce darasin gaba ɗaya. Ku ɗan yi haƙuri da ni zan yi tsawo.

Shi ƙwaron nan da dare yake yawo, da rana sai ya lafe jikin itace ya baje fukafukai ya yi shiru. Asalin wanda aka sani fari ne mai yayyafin baƙi kamar an barbaɗa masa masoro. Itatuwan can kuma ɓawonsu akwai wani abu da ke mannewa a kai, toka-toka fari-fari mai kama da busasshiyar gansakuka, to in ya kwanta a kan wannan sai ka rantse babu komai a wurin. A 1848 aka fara rubuta labarin an kama wani baƙi ƙirin a garin Manchesta, lokacin abin mamaki ne, masu tara ƙwari har nemansa suke. Kafin 1895 kusan 98 cikin 100 na waɗanda ake kamawa a Manchesta baƙaƙe ne. Ku lura, ƙasa da shekara 50 ke nan, kuma shi ƙwaron sau ɗaya yake hayayyafa a shekara.

Me ya faru a tsakani? Manchesta garin masaƙu ne, kwal suke ƙonawa dare da rana, iskar da ke fita cikin hayaƙin ta kashe wannan abin da ke manne a ɓawo, kunkunniya kuma ta bi ta shafe itatuwan suka yi baƙi kamar rufin madafa. Yanzu farin in ya kwanta sai ya fito ɓaro-ɓaro kamar ƙwayar shinkafa a bayan tukunya, tsuntsu ya gan shi daga nesa ya cafke. Baƙin da da shi ne ake gani yanzu shi ne ya ɓace. Wanda aka cinye bai yi ƙwai ba, wanda ya tsira ya yi, 'ya'yansa kuma suka gado baƙinsa. Bana a rage farare, baɗi a ƙara ragewa, haka har gari ya cika da baƙaƙe. Babu ƙwaro ko ɗaya da ya kwanta fari ya tashi baƙi. Wanda aka haifa fari, fari ya mutu.

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Wannan jimlar ta ƙarshe zan rubuta a allo Malam. Allah ya saka da alheri.

Malam Nasiru Argungu: Amin. Abin da nake ce wa yarana da, ku ɗauka rariya ce. Rariya ba ta mai da tsaki ya zama gari, abin da ke cikin ƙwarya tun farko shi take rabawa. Tsuntsu shi ne rariyar.

Usman Yauri: Slm. Baba Malam da girmanka amma ni ina da ja a nan. Mun yi wannan a aji ɗaya na jami'a kuma daga baya na karanta cewa labarin nan akwai coge a ciki, hotunan da ke littattafai matattun ƙwari ne aka manna da gam a jikin itace aka ɗauka, kuma wai ƙwaron ma ba ya kwana a gindin itace ko kaɗan. In tushen ƙarya ne me ya sa za mu ci gaba da ɗura wa yara?

Anti Saratu Zuru: Kai, da gaske da gam aka manna?

Malam Nasiru Argungu: Usman ɗana ba ka yi laifi ba, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Eh hotuna da yawa shirya su aka yi, an ɗora fari da baƙi gefe da gefe don mai karatu ya ga bambanci, kamar yadda Malama za ta zana a allo. Amma hoton ba shi ne hujjar ba.

Ga yadda abin ya taho. Tun 1896 wani mai nazarin ƙwari J. W. Tutt ya ce shi yana ganin tsuntsaye ne ke wannan aikin, amma magana ce ta baki ba a gwada ba. A 1924 Haldane, shi mutumin lissafi ne, ya zauna ya buga ya ce in dai daga kusan babu za a kai 98 cikin 100 a wannan ɗan lokacin to dole baƙin ya riƙa barin zuriya kamar ninki ɗaya da rabi na farin. Sai a 1953 wani likita Bernard Kettlewell ya fita daji ya gwada. Yana ɗiga wa kowane ƙwaro ɗan fenti a ƙarƙashin fiffike inda tsuntsu ba zai gani ba, ya sake su, da dare ya kunna tarkon fitila ya ga su wa za su dawo. A dajin kusa da Bamingam inda hayaƙi ya yi yawa baƙaƙe kusan 27 cikin 100 suka dawo, farare 13 kacal. A 1955 ya tafi Doset, yankin karkara mai iska mai kyau, abin sai ya juye, farare suka dawo kusan ninki biyu na baƙaƙe. Har abokinsa Niko Tinbergen ya ɗauki fim ɗin tsuntsaye suna tsince su a jikin itace, don a lokacin akwai masana da ke cewa tsuntsu ba ya ma cin su.

To aikin Kettlewell yana da rauni kuma masana da kansu ne suka fara faɗa. Yana sakin ƙwari da yawa a wuri ɗaya har tsuntsaye su gane nan ake rabon abinci, da rana yake sakinsu maimakon su zaɓi wurin kwana da kansu, kuma ya haɗa waɗanda ya rena a gida da na daji. Daga nan ne wasu suka ɗauka suka ce ai duka ƙarya ce.

Usman Yauri: To ka ga ni Baba, ai maganata ke nan.

Malam Nasiru Argungu: Tsaya ban gama ba. Wani farfesa a Kambrij, Michael Majerus, wanda shi ma yana cikin masu sukar, ya ce bari a sake yi yadda ya kamata. Daga 2001 zuwa 2007 yana abu ɗaya a lambun gidansa, ƙwari 4,864 ya saka, kaɗan-kaɗan kowane dare, kowanne ya nemi wurin kwanansa da kansa, da asuba shi kuma ya zauna yana kallon wanda tsuntsu zai ɗauka. A lokacin iskar Kambrij ta gyaru itatuwa sun yi haske, ya samu baƙaƙen ne aka fi ci, tsirarsu a yini ta gaza ta farare da kusan 9 cikin 100. Ya kuma hau itatuwa yana neman na daji inda suke kwana, ya samu 135, mafi yawa a jikin rassa amma kusan kashi ɗaya cikin uku a jikin gangar itacen suke. Ya rasu a 2009 bai buga ba, abokan aikinsa suka fitar a 2012. Saboda haka mai cewa ba ya kwana a jikin itace labarin da ya tsaya a kai tsoho ne.

Usman Yauri: Wannan na Majerus ban taɓa jin sa ba gaskiya. Amma jemage fa? Tunda da dare yake tashi ai jemagu sun fi tsuntsu cin sa, su kuma ba ruwansu da launi.

Malam Nasiru Argungu: Suna ci sosai, kuma shi Majerus ɗin ya gwada da jemagu ya ga ba su bambanta fari da baƙi. To mai ci ba zaɓe ba ya canja lissafi, in ya ci goma cikin ɗari na farare ya ci goma cikin ɗari na baƙaƙe yadda aka fara haka za a ƙare. Mai zaɓe shi ke karkatar da abu ko da kaɗan yake ci.

Alhaji Manu Aliero: Malam Nasiru ni hwa har yanzu da saura. Mu nan in anka ƙone daji bayan kaka, kwana kaɗan in ka bi wurin hwarar da za ka gani baƙa ta, irin ƙasar da wuta tac ci. Wagga ba shekara hamsin ba ta, sati biyu na. Ita ma tsuntsu na yat tace ta? Ni da idona ni ka ganin wanga tun ina yaro muna kamun hwara.

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Alhaji wallahi irin tambayar da nake tsoro ke nan a aji, don yaran ƙauye sun san wannan.

Malam Nasiru Argungu: Alhaji idonka bai yi ƙarya ba, kuma Turawan da suka yi nazarin farar Afirka sun rubuta wannan tun tuni. Fara iri da yawa tana iya yin duhu ita kanta in ta zauna a baƙar ƙasa, musamman ƙanana lokacin da suke saɓa. Wannan shi ne irin na hawainiya, jikin dabba ɗaya ne ke amsa abin da ya gani. Mai yiwuwa kuma tsuntsaye sun ƙara da tsince masu hasken, abu biyun na iya haɗuwa. Yadda za ka raba su shi ne ka dubi 'ya'ya. Ɗauki baƙar farar nan ta yi ƙwai a cikin ɗanyar ciyawa, 'ya'yan ba dole su fito baƙaƙe ba. Shi kuwa baƙin ƙwaron Manchesta ko a farin ɗaki ka rena shi, ka ba shi ganye mai tsabta, baƙaƙe za ka samu cikin 'ya'yansa, don a jini abin yake.

Abin da zai ba ka sha'awa ma, shi wannan ƙwaron yana da duka biyun. Lokacin da yake tsutsa kama yake da ɗan tsinken reshe, in reshen kore ne sai ta yi kore, in ruwan ƙasa ne ta yi ruwan ƙasa, har a 2019 aka nuna ko an rufe mata ido da fenti tana yi, da fatarta take jin hasken. Amma da zarar ya yi fiffike shi ke nan, launin da ya gada da shi zai mutu.

Alhaji Manu Aliero: To yanzu na gane. Tsutsa hawainiya ta, babban kuwa gado na.

Anti Saratu Zuru: Ni tambayata daban ce Malam. Shi baƙin na farko daga ina ya fito? Ba hayaƙin ne ya shiga jikin uwar ya ɓata ƙwan ba? Don mu a asibiti mun san guba na taɓa ɗan da ke ciki.

Malam Nasiru Argungu: Anti akwai masanin da ya yi wannan tunanin a shekarun 1920, Heslop Harrison, ya ce gubar da ke sauka kan ganye ce tsutsa ke ci ta haifar da baƙi, amma da wasu suka maimaita gwajin bai fito ba. Amsar sai 2016 aka same ta a jami'ar Libaful. Sun gano wani guntun ƙwayar gado ne, irin masu tsalle daga wuri zuwa wuri, ya faɗa cikin wata ƙwayar da suke kira cortex ya zauna, shi ya jawo baƙin. Kuma lissafinsu ya nuna wajen 1819 abin ya faru, kusan shekara 30 kafin a kama na farko, kuma kusan duk baƙaƙen Ingila daga wannan tushe guda suke. Irin wannan sauyin yana faruwa jefi-jefi a kowace halitta. Da a daji mai tsabta ya faɗo da tsuntsu ya cinye shi an wuce wurin, sai ya dace da zamanin kunkunniya. Kuma baƙin mai rinjaye ne, ko daga uwa kaɗai ko uba kaɗai aka gado shi zai bayyana, shi ya sa ya bazu da sauri haka.

Ustaz Kabiru Gwandu: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake bi ban ce komai ba. Malama ni shawarata ki yi hattara da lafazi a gaban yara. In aka ce yanayi ya zaɓa, ko tsuntsu ya zaɓa, yaro ƙarami zai iya ɗauka akwai wani mai iko ban da Allah. Kuma mun san inda masu wannan darasin ke dosa, daga ƙwaro sai a ce mutum daga biri.

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam Ustaz. Wallahi ina kula da wannan sosai, ni ma ɗiyata na cikin masu karanta littafin nan. Amma yana cikin manhaja, WAEC da NECO suna tambaya, in ban koya musu daidai ba su za su faɗi.

Malam Nasiru Argungu: Ustaz Allah ya ƙara ilimi. Ni yadda na fahimta kuma na koyar, sababi ne muke bayani. In muka ce ruwan sama ya fid da gero ba wanda ya ce ruwa ne Ubangiji. Shaho ya ɗauki farin ɗan tsako a bakin bola ya bar mai ruwan toka, duk matar da ke kiwon kaji ta san wannan kuma imaninta bai taɓu ba. Kalmar zaɓe ma aro ce, tsuntsu yunwa yake ji kawai, abin da ya gani shi ya ci.

Ustaz Kabiru Gwandu: In a kan sababi aka tsaya ba ni da ja. Ai a Suratu Faɗir aya ta 28 an ambaci saɓanin launukan mutane da dabbobi da bisashe a cikin ayoyin Allah, dubawa a ga yadda abin ke gudana ba laifi ba ne. Inda ban yarda ba shi ne a ɗauki wannan a ce ya tabbatar da asalin ɗan Adam. Nan ina nan a kan bakana.

Usman Yauri: A nan kam ina bayan Ustaz ta wani gefen. Ƙwaron nan fari da baƙi duk iri ɗaya ne, suna barbara da juna, ba wani sabon ƙwaro da ya fito. Faɗa-wuta ya shiga faɗa-wuta ya fita.

Malam Nasiru Argungu: Haka ne Usman, kuma masu binciken ba su ce sabon iri ya fito ba. Abin da misalin ya nuna shi ne hanyar da masanin halittu Charles Darwin ya bayyana a 1859 tana aiki kuma ana iya ganinta da ido a ƙirga: akwai bambanci, ana gadonsa, wani ya fi wani tsira. Maganar yadda iri ke rabuwa biyu hujjojinta daban ne, daga ƙasusuwan da da ƙwayoyin gado, wannan zama ne na wata rana kuma na san ni da Ustaz za mu daɗe a kai. Malama dai darasinta na Laraba bai kai can ba.

Abin da ma na fi so a labarin ban faɗa ba tukuna. A Disambar 1952 hayaƙi ya rufe Landan kwana biyar mutane dubbai suka mutu, shi ya sa a 1956 suka yi dokar tsabtace iska, aka rage ƙona kwal a cikin gari. Itatuwa suka fara haske, sai lissafi ya juya da baya. Kusa da Libaful akwai inda Cyril Clarke ya riƙa kafa tarko kowace shekara tun 1959, lokacin fiye da 90 cikin 100 baƙaƙe ne, yana ƙirgawa suna raguwa shekara bayan shekara, yau baƙin ya zama abin nema a Ingila. A Amurka ma wajen Mishigan haka aka gani, ya hau da hayaƙi ya sauka da aka share iska, kuma ba shawara suka yi da na Ingila ba.

Alhaji Manu Aliero: Malam tsaya. Wanga abu da kaf faɗi na rariya ya tuna man da maganin heshi. Shekarar da tsutsar tumatur taz zo, wadda anka sa ma suna sharon, mun zuba magani har mun gaji. Hwarko shina kashewa, daga baya sai ka hesa da sahe da marece ka iske ta tana cin ganye abinta. Mu cewa mu kai ta saba da magani ko kuma maganin jabu na. Kenan ba sabo ba na?

Malam Nasiru Argungu: Alhaji ka kawo misalin da ya fi na littafi. 2016 ke nan da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, asalinta daga Kudancin Amurka, kuma ka san uwar tsutsar nan ita ma faɗa-wuta ce, 'yar ƙarama. Haka tsutsar masara da ta shigo a wannan shekarar. Jabun magani akwai shi ba musu, kuma ita ta tumatir cikin ganye take shiga inda feshi ba ya kai mata sosai. Amma ko da mai kyau ne, cikin dubbai akwai 'yan kaɗan da jininsu ya fi jure gubar tun haihuwa, ka fesa ka kashe sauran ka bar musu gona su kaɗai, su ne za su hayayyafa. Ita kuma ba shekara take jira ba kamar na Ingila, wajen wata ɗaya ta juyo, to kafin ƙarshen rani jikokin masu taurin ran ne cike da gonarka. Kai ne tsuntsun a nan. Shi ya sa malaman gona ke cewa a riƙa sauya magani, kuma ba sunan kwalba za ka duba ba, sinadarin da ke ciki, don kwalba uku na iya zama abu ɗaya.

Alhaji Manu Aliero: Wallahi kwalba mu ka dubi. Allah shi gahwarta ma mahaifa Malam.

Anti Saratu Zuru: Mu ma haka kuloroki ta yi mana, da ita ce maganin zazzaɓi a kowane gida har ta daina aiki gwamnati ta canja zuwa haɗin magungunan da ake kira ACT wajen 2005. Kullum faɗa nake da masu shan magani kwana ɗaya su ji sauƙi su aje. Kuma Malama in kina son misali a jikin mutum ga sikila nan, mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓi mai tsanani yana yaro, tun 1954 wani masani Allison ya nuna haka a Gabashin Afirka, shi ya sa S ɗin ya yi yawa a ƙasashen sauro duk da wahalar da SS ke sha. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. Amma ki bi a hankali in za ki kawo shi don ba mamaki akwai mai SS a ajin.

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Akwai kuwa Anti, yarinya ɗaya. Zan tsaya a tumatir ɗin Alhaji, iyayen da yawansu manoma ne. Kuma na yi tunanin wani abu, zan sa su kawo farar dawa da jar dawa mu watsa a jar ƙasar bayan aji a sako kajin maigadi mu ga wacce za su fi tsincewa.

Malam Nasiru Argungu: Madalla. Ki ƙirga kafin ki watsa.

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Bayanin rariya ya shiga sosai alhamdu lillah, wani yaro ma da kansa ya kawo maganar shaho da 'yan tsaki kafin in faɗa. Amma gwajin bai yi ba. Mun watsa ɗari-ɗari a ɗan fili kamar faɗin tabarma, kaji shida suka zo kafin mu ankara sun share komai, fari da ja ba su bar ko ɗaya ba. Yaran suka ce to Malama ai ga shi ba su zaɓa ba. Raina ya ɓaci wallahi don na ga kamar na rushe abin da na gina.

Malam Nasiru Argungu: Kar ranki ya ɓaci, kuskuren Kettlewell kika maimaita, abinci da yawa a wuri kaɗan. Ki gaya musu haka ma, su san masana sun yi irinsa aka gyara.

Alhaji Manu Aliero: Malama kaza shidda ta yi yawa. Guda za ki sa, kuma ki watsa da nisa cikin tsakuwa yadda sai ta nema, ba bisa ƙasa mai sulɓi ba. Ki sa yaro shi riƙe agogo, minti guda a kore ta a ƙirga abin da yar rage. Kuma kada ta zan mai yunwa ƙwarai.

Usman Yauri: Anti Malama ƙari a kan na Alhaji, in a jar ƙasa kaɗai kika yi kuma suka fi cin farar, wani zai ce ai kaza dama ta fi son farar dawa don jar tana da ɗan bauri. Sai kin sake yi a farin yashi. In a can jar ce ta fi ƙarewa to gani ne ba daɗi ba. Bamingam da Doset ke nan.

Malam Nasiru Argungu: Usman ka ga abin da ban tuna ba. Kuma a yi kowanne sau uku ko huɗu da kaza daban-daban, sau ɗaya ba ya zama hujja.

Ustaz Kabiru Gwandu: Abin da ya rage a ƙasa a bar wa kajin su cinye Malama, kar a tattake abinci.

Malama Hauwa'u, Birnin Kebbi: In sha Allah Ustaz. Akwai tulin yashin rafi da masu gini suka bari bakin ƙofar makaranta, zan roƙi shugaba a ba mu baro biyu mu baje. Juma'a da safe nake da su kafin a tashi. Alhaji jar dawar da yaran suka kawo ta yi haske da yawa kusan ruwan goro, wacce iri zan nema a kasuwa mai duhu sosai?

Alhaji Manu Aliero: Kada ki saye. Yarona na shigowa Birnin Kebbi gobe da albasa, ina da ja mai duhu cikin rumbu, zan ba shi tiya guda shi kawo maki. Turo man sunan unguwar ta akwatin sirri.